Gidan da Ba Shi da Zaure

Jawabin da ɗaya daga cikin masu bishara ya yi a taron maraice na ranar Jubili

 

Tun da safe mu ke jin labarai masu daɗi. Mun ji yadda iyayenmu suka fara sujada a ƙarƙashin rumfar kara, su 'yan kaɗan, har ga shi yau wuri ya yi mana kaɗan. Mun gode wa Allah domin wannan. Sa'anda dattawa suka ce ni ma in yi magana, na kwana uku ina neman abin da zai dace da ranar farin ciki. Amma abin da ke zuciyata ba mai daɗin ji ba ne, ya kuwa ƙi barina. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku yi mani haƙuri, gama laifin da zan ambata, ni ne na fari a cikinsa.

Bari mu fara da sunan wannan rana. Mun saba cewa Jubili, muna nufin biki da sababbin tufafi da tuwo mai yawa. Amma wanda ya buɗe Littafin Firistoci sura 25 zai tarar maganar Jubili maganar wurin zama ce. A shekara ta hamsin a kan busa ƙaho a ƙasar Isra'ila duka. Wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gadonsa, sai ta koma hannunsa. Wanda ya sayar da kansa domin bashi, sai ya koma wurin danginsa. Dalili kuwa shi ne ƙasa ta Allah ce, mutane baƙi ne a cikinta. A surar nan kuma aka umurci mutum, in ɗan'uwansa ya tsiyace, ya riƙe shi su zauna tare. Watau Jubili rana ce da mara gida ke samun wurin komawa. To, tambayar da na kawo maku ke nan: a Jubilinmu, wa ya sami wurin komawa?

Ni da ku ke gani, a zauren wani na fara sanin garin nan. A shekarar 1984 damina ta ƙi, dabbobi suka ƙare, Nijeriya kuma ta rufe iyakarta, hatsi ya yi wuyar samu. Manyan da ke nan sun tuna, ita ce yunwar da mutane suka sa wa suna El-Buhari. Ubana ya taso daga arewa da mu huɗu, ba mu da kome sai tabarma da tukunya ɗaya. Muka shigo da almuru, ba mu san kowa ba. Ubana ya tsaya a ƙofar wani mahauci ya yi sallama. Mutumin bai tambaye shi takarda ba, bai tambaye shi addininsa ba. Ya dubi ƙafafunmu, ya ce, "Ku shigo, ku sha ruwa." Uwata da ƙanwata aka kai su cikin gida wurin mata, ni da ubana muka kwana a zaure. Muka yi wata biyar a nan. Ina da shekara biyar a lokacin, abin da na fi tunawa shi ne ƙamshin tukuba, da yadda ya kan miƙo mani ƙashi mai ɗan nama ya ce, "Karɓi, ɗan baƙona." Musulmi ne, ya rasu tuntuni. Daga zaurensa aka kai ni makarantar mishan. Da ya rufe ƙofarsa a daren nan, ban san wanda zai tsaya a gabanku yanzu ba.

Kada ku ce wannan mutum ya fi kowa. A zamanin nan haka gari ya ke. Kowane magidanci mai ɗan hali ya na da zaure, zaure kuwa ba na mai gida kaɗai ba ne. Nan fatake ke sauka, nan almajiri ke fakewa daga ruwa, nan wanda gobara ta cinye ɗakinsa ke shimfiɗa tabarma. Akushin mai gida a zaure a ke ajiye shi, wanda ya tarar ya sa hannu. In baƙo ya rasa masauki, mai unguwa ne ke jin kunya.

Yanzu sai mu zo kan abin da ya same mu a shekarar 2024. Ba sai na faɗa maku irin ruwan da aka yi ba. A Nijar duka mutum fiye da 300 suka rasu, waɗanda ambaliya ta shafa sun fi miliyan ɗaya, jihar Maraɗi kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye, ya rushe a farkon watan Satumba. In ginin da sarakuna suka yi ya faɗi, ina ga ɗakin gwauruwa? Mutane da yawa suka fake a azuzuwan lakwal. Gwamnati ta ɗaga komawar yara daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga Oktoba. Amma kwana 26 ba su isa mutum ya ta da ɗaki ba, balle wanda ba shi da kuɗin tubali, ƙasa kuma ba ta bushe ba.

Da ranar ta matso, sai aka ce wa waɗanda ke cikin azuzuwan unguwarmu su nemi wuri. Gida shida suka rage waɗanda ba su da inda za su. Mu kuwa muna da filin nan na bayan majami'a, wanda muka saya domin sabon gini, ba kome cikinsa sai tumfafiya da awakin maƙwabta. Wata uwa daga cikin tsofaffin Zumuntar Mata ta zo ta same ni ta ce, "Malam, ɗana, me zai hana mutanen nan su kafa zana a filinmu har su farfaɗo?" Na ce mata zan kai maganar gaban dattawa.

Kafin in kai, magana ta riga ni fita. Kashegari maƙwabta suka taru a ƙofar mai unguwa. Wani ya ce za a jawo mana ɓarayi. Wani ya ce ƙazanta za ta kawo amai da gudawa. Wani ya ce irin waɗannan in sun zauna ba su tashi. Wani mai sabon gida ya ce shi bai kashe dukiyarsa domin ya buɗe taga ya ga bukkoki ba. Abin mamaki, ba wanda ya ce kada a taimake su. Kowa cewa ya ke a taimake su, amma a can, a bayan gari, inda ba za mu gan su ba.

Da a ce maƙwabta kaɗai suka faɗi haka, da ban tsaya nan ina ba ku labari ba. Amma da muka zauna mu masu bi, maganganun nan ɗaya ɗaya na sake jinsu daga bakinmu, sai dai mun sa masu tufafin ibada. Muka ce filin Ubangiji ne, dole mu kiyaye shi. Muka ce kada mu ɓata zaman lafiya da unguwa. Muka ce bari mu yi addu'a a kai tukuna. Ni kuwa, ɗan zauren mahauci, ina zaune ina riƙe da littafin rubuta shawara, ban ce uffan ba. Na ji tsoron a ce mai bishara ya raba kan jama'a. Muka tashi ba mu ƙi ba, ba mu yarda ba. Amma wanda ke tsaye a rana da kaya a ka, shirunka ƙi ne a gare shi.

Ga ƙarshen gida shidan nan. Uwar nan da ta kawo shawara ta ɗauki gida guda, mace da 'ya'ya uku, ta sa su a ɗakinta, ita ta koma kwana a rumfar girki. Gida biyu suka bi dangi ƙauye. Gida biyu suka koma bakin gulbi suka sake gini a daidai inda ruwa ya kore su, gama nan kaɗai ba mai korarsu. Na shidan wata gwauruwa ce da goyo. Wata safiya da sanyin hunturu na fito buɗe majami'a, sai na tarar da ita a jikin bangonmu ta waje, ta yi shinge da buhuna. Ashe ta yi kwanaki a nan. Ta gaishe ni da ladabi ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, bangon nan ne ke tare mana iska. In an fara taro mu kan matsa." Ita ce ke ba ni haƙuri. Yaron yana tari. Muka kai shi likita, muka kuma sama mata ɗaki, amma mun makara. Bai kai bazara ba. Ban ce da mun ba su fili da ya rayu ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne, bangon majami'armu ya yi mata abin da mu masu majami'ar ba mu yi ba.

'Yan'uwa, ban kawo wannan domin in kunyata kowa ba. Waɗanda suka ƙi ba mugaye ba ne, maganarsu kuma ba duka ce banza ba. Gaskiya ne mutum talatin a fili ba salga, cuta ce. Gaskiya ne an sha ganin aron fili ya zama shari'a. Gaskiya ne kuma zamani ya kawo tsoro, tun da ɓarayin daji suka addabi bakin iyaka, har mutum ya kan yi shakkar baƙon da bai sani ba. Amma ku duba da kyau. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana da magani. Salga, samarinmu za su haƙa ta cikin kwana biyu. Maganar tashi, a rubuta takarda a gaban mai unguwa da shaidu, a sa wa'adi. Maganar sata, mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba, 'yan garin nan ne, wata a cikinsu ita ke sayar wa 'ya'yanmu ƙosai. Ba mu nemi magani ba domin ba magani mu ke so ba. Dalili mu ke so wanda za mu fake a bayansa.

Waɗansu za su ce talauci ne ya taurare zukata, mutane ba su da abin bayarwa. Ni ban yarda ba, ga kuwa shaidata. A shekarar 2019 mutane suka riƙa ƙetarowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun masu kisa da satar mutane. Zuwa watan Satumba na shekarar, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira ta ce sun wuce 40,000, yawancinsu mata da yara. Wa ya fara karɓarsu? Ƙauyukan wajen Gidan Rumji ne. Manoma waɗanda hatsinsu ba ya kai su wata damina suka buɗe gidajensu, tun kafin a kafa wa baƙin wuraren zama. Wa ya fi talauci, su ko mu? Su sun karɓi dubbai, mu gida shida suka gagare mu.

To, me ya same mu? Ga abin da na gani, ku auna shi. Na fari, ƙasa ta zama haja. Lokacin da Nijar ta sami mulkin kai a 1960 mutanenta wajen miliyan uku ne, ƙidayar 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Gari ya cika, fili ya yi tsada, kowane taƙi yana da takarda da farashi. Na biyu, ginin kansa ya sake. Ku zaga sababbin unguwanni ku ƙirga zaure nawa za ku gani. Katanga ce doguwa, da ƙofar ƙarfe, da fasassun kwalabe a bisa. Inda dā a ke yin zaure, yanzu shago a ke yi a ba da haya, ko wurin ajiye mota. Yaron da ya tashi a irin gidan nan bai taɓa ganin ubansa yana cin tuwo da wanda bai sani ba. Ina zai koyi abin? Na uku, mun saba. Kowace damina gidaje su faɗi, kowace rana hannu a miƙe a bakin hanya, har ido ya daina gani. Na huɗu, mun miƙa tausayi ga waɗansu. Mu kan ce aikin gwamnati ne, aikin ƙungiyoyi ne masu fararen motoci. Suna da nasu aiki, Allah ya taimake su. Amma ba wata ƙungiya da za ta zama maƙwabci a madadinka.

Akwai wani abu a surar nan ta Jubili wanda ya daɗe yana ba ni tunani. An bambanta gida iri biyu. Gidan ƙauye mara ganuwa, in an sayar, a kan lissafta shi kamar gona, ya koma ga mai shi a Jubili. Amma gidan da ke cikin birni mai ganuwa, shekara ɗaya kaɗai mai shi ke da ikon fansarsa, in ta wuce ya tafi ke nan. Ban ce ganuwa zunubi ce ba. Amma na lura tun zamanin dā, inda ganuwa ta tashi, nan mayarwa ta kan yi wuya. Mu ma mun zama mutanen birni. Sai mu yi tsaro kada katangar da muka yi wa gidajenmu ta shige har cikin zuciya.

Mu masu bi na ƙasar nan, mu ne ya fi kamata mu tuna, gama tarihinmu tarihin marasa gida ne. Su wa suka cika bencunan fari? Da yawa waɗanda aka kora daga gidan ubansu ne domin bangaskiya, suka kwana a ɗakin girkin wani mai bi. Da yawa kutare ne waɗanda ƙauyensu ya fitar da su bayan gari, suka sami wurin kwana da magani a Danja tun daga 1956. Jikokinsu suna zaune a nan yau, waɗansu malamai, waɗansu ma'aikatan likita. Ba sai mun koma nesa ba ma. A watan Janairu 2015, sa'anda aka ƙone majami'u da gidaje a Damagaram da Yamai, 'yan'uwanmu sun wayi gari ba su da inda za su sa kai. Waɗansu sun fake a barikin soja. Waɗansu kuwa maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su a cikin gidajensu, suka sa kansu cikin hatsari. Mutanen nan ba su ce bari mu yi shawara tukuna ba. Ko birnin Maraɗi da mu ke alfahari da shi, ai ambaliya ce ta ta da shi. A shekarar 1945 gulbi ya cinye tsohon gari, mutane suka hau tudu suka sake kafa shi. Kakannin masu manyan gidajen yau, su ma sun taɓa tsayawa da tabarma a ka. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Ubangijinmu kansa, kun san inda aka haife shi da dalilin haka. Kun san yana jariri aka gudu da shi Masar, ƙasar baƙunci. Kun san a gidajen mutane ya riƙa sauka dukan kwanakin hidimarsa, har kabarin da aka sa shi na wani ne. A Matta sura 25 ya nuna mana cewa abin da muka yi wa baƙo, shi muka yi wa. In haka ne, ku faɗa mani, wa ya kwana a jikin bangonmu a hunturun nan?

Yanzu ga roƙona. Kun sani baikon Jubili da muka tara, an shirya a kewaye filin nan da katanga. Ban ce kada a yi ba, fili yana bukatar tsaro. Amma ina roƙon dattawa da ku duka, a bar wa katangar nan zaure. A gina zaure a ƙofarta, da ɗaki biyu a gefe, da salga, da randa. Kada a ba da su haya, kada a mai da su wurin ajiye kujeru. Su zama na wanda ruwa ko gobara ko gudu ya raba da gidansa, ko mai bi ne ko ba mai bi ba. A sa wa'adi, a rubuta, a sa mutum biyu, namiji da mace, su lura da wurin. Kafin a sa tubali ɗaya kuma, mu je da kanmu wurin mai unguwa da limamin unguwa da maƙwabta, mu zauna, mu ji tsoronsu, mu amsa shi da aiki. Zumunta a ƙafa ta ke. Na tabbata a cikinsu akwai 'ya'yan masu zaure kamar mahaucin nan, waɗanda ke jiran wani ya fara.

Na sani ɗaki biyu ba za su ɗauke marasa gida na garin nan ba. Zai yiwu a cuce mu wata rana, wani ya ƙi tashi, wani ya tafi da bokiti. Zai yiwu sabon ginin ya ƙara jinkiri da shekara guda. Na yarda da wannan duka. Amma 'ya'yanmu za su tashi suna ganin ƙofa a buɗe, su san haka masu bi ke yi. Ku kuma magidanta, kowa ya koma ya dubi gidansa. Wanda ke da ɗakin da ba kowa sai tarkace, ya tambayi kansa. Wanda zai yi sabon gini, ya tuna da zaure tun a wurin awo. Wanda kuma ya ji ana taruwa domin a kori waɗansu daga unguwa, kada ya yi irin shirun da na yi.

Uwar nan da ta koma rumfar girki tana zaune a cikinmu yanzu. Ba zan faɗi sunanta ba, gama ta hana ni. Iya, na gode. Ke kika yi Jubili tun kafin mu buga takardar gayyata. A gabanki da gaban jama'a ina neman gafara domin shiruna.

Damina tana zuwa, ba ta kuwa jiran shawararmu. Allah ya ba mu zuciya mai tausayi, ya gafarta mana abin da muka bari ba mu yi ba. Ya sa waɗanda za su taru a Jubili mai zuwa su tarar da zauren nan a buɗe, da tabarma a shimfiɗe. Alherin Ubangiji ya zauna tare da ku duka. Amin.